Sauke wa waya nauyin lissafi: jagorar kafa kwamfutar kusa a Tawa

Ƙaramar wayar Android mai RAM gigabait 2 ko 3, irin wadda ake raba wa ma'aikatan fili, tana iya ɗaukar hoto da naɗar murya ba tare da wata wahala ba. Inda take durƙushewa shi ne idan aka ce ta karanta rubutun da ke cikin hoton, ko ta mayar da murya rubutu, ko ta gano cuta a jikin ganyen albasa. A watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, wayar tana ɗaukar zafi tun kafin a ba ta aiki. Da ta ji nauyi sai ta rage gudun ƙwaƙwalwarta da kanta don kar ta ƙone, aikin ya ƙara jinkiri, batir kuma ya zube.

Maganin shi ne a ɗauke mata lissafin a kai wa wata kwamfuta mai ƙarfi. Tambayar ita ce wacce, kuma a ina take. Manyan ɗakunan kwamfuta da ake kira gajimare suna Turai da Amurka da wasu ƙasashen bakin teku. Haske a cikin wayar fiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 yana cin milidaƙiƙa 10 zuwa da dawowa. Daga Yamai zuwa Paris kusan kilomita 3,900 ne a miƙe, amma Nijar ba ta da teku: saƙo sai ya gangara ta maƙwabta zuwa gaɓa kafin ya shiga wayar ƙarƙashin ruwa. Hanya ta yi tsawo, mararraba ta yi yawa, kuma ko'ina aka yanke fiba aiki ya tsaya. Tun a 2009 Mahadev Satyanarayanan na jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinsa suka kawo shawarar a ajiye ƙaramar kwamfuta taki ɗaya daga waya, a bayan Wi-Fi ɗin da take kamawa. A 2014 hukumar ETSI ta Turai ta fara tsara ƙa'idojin yin haka a cikin rezon kamfanonin waya, abin da ake kira MEC. MEC sai da yarjejeniya da kamfani. Wanda ke hannun ƙungiya ko makaranta ko gidan likita shi ne na farko, kuma shi za mu bi daki-daki. Za mu kira ta kwamfutar kusa.

Misalin da za mu riƙe: biron wata ƙungiyar manoman albasa a Tawa, da wayoyi 20, ana ɗaukar hoton takardun awo da rasit ana mayar da su rubutu.

Mataki na farko: auna kafin ka sayi komai

Nan ne ake yawan ɓata kuɗi, don haka za mu daɗe a nan. Ba kowane aiki ne ya cancanci a tura ba. Turawa tana da riba ne kawai idan lokacin da waya za ta ci ita kaɗai ya fi jimillar abu huɗu: lokacin aika bayanai, lokacin jira a layi, lokacin aikin kwamfutar kusa, da lokacin dawowar amsa. Cikin huɗun nan, wanda ya fi cin mutane shi ne na aikawa.

Ga lissafin. Hoton kyamara mai megafiksel 12 yakan kai megabait 4. A kowane bait akwai bit 8, saboda haka megabit 32 ke nan. Idan rezon waya yana ɗaga megabit 2 a daƙiƙa, hoton zai ci daƙiƙa 16 kafin ma a fara aiki a kansa. A ce wayar da kanta tana karanta shafin cikin daƙiƙa 12: ka ga an gudu ba a tsira ba. Amma a kan Wi-Fi na cikin gida mai ba da megabit 30, hoton nan daƙiƙa ɗaya da ɗan kai ne. Idan kuma aka rage shi zuwa kilobait 400, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne. Lura da cewa gudun ɗagawa ake dubawa, ba na saukewa ba. Adadin da ake tallatawa na saukewa ne, kuma kusan kullum ya fi na ɗagawa nesa ba kusa ba.

Ka ɗauki wayar da ta fi rauni a cikin 20 ɗin, ba taka ba. Ka sa ta yi aikin sau 50 a jere, da azahar, a ɗakin da za a yi aikin na gaske. Ka rubuta lokacin kowane zagaye. Goman farko za su yi sauri, daga nan za ka ga lokaci yana ƙaruwa saboda zafi. Adadin zagayen ƙarshe shi ne gaskiyar wayar. Sannan ka auna hanya: ping don lokacin zuwa da dawowa, iperf3 don faɗin hanya, daga kowane lungu da ma'aikaci zai zauna. Kar ka dogara da matsakaicin adadi. Ka jera sakamako 100 daga mai sauri zuwa mai nawa, ka dubi na 95, domin shi ne wanda mai aiki zai tuna ya yi tsaki.

Batir ma da nasa lissafin. Batir mai 5,000 mAh yana ɗauke da kimanin awa-wat 19. A ce waya tana jan wat 3 na daƙiƙa 12 a kan kowane shafi: jul 36 ke nan, shafi 300 a yini ya zama jul 10,800, wato awa-wat 3, kusan kashi ɗaya cikin shida na batir. Idan turawa tana cin wat 1 na daƙiƙa 2, shafi 300 ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A rezon waya kuwa akwai wani ɓoyayyen haraji: bayan an gama aikawa, rediyon wayar yana zama a farke na wasu daƙiƙoƙi yana jiran ko akwai ƙari. Wanda ke aika ƙananan saƙo jefi-jefi yana biyan wannan jiran kowane karo. A tara su a aika tashi ɗaya.

Abin da ya dace a tura: aiki mai nauyin lissafi da ƙaramin bayani, kamar karatun rubutu, gane hoto, mayar da murya rubutu. Abin da bai dace ba: gyaran hasken hoto, yanke gefe, matse bidiyo. Wayoyi suna da ɓangare na musamman da ke matse bidiyo cikin sauƙi, tura ɗanyen bidiyo kuwa toshe hanya ne kawai.

Na biyu: a ina za a yanka aikin

Waya ta yi na gaba-gaba, kwamfutar kusa ta yi mai nauyi. A misalinmu waya za ta gano gefen takarda, ta yanke tebur da yatsun da suka shigo hoto, ta mayar da shi fari da baƙi, ta rage girma, ta matse a JPEG. Sai dai a yi hattara wajen ragewa. Manhajar karatu irin Tesseract ta fi jin daɗin ɗigo 300 a inci, wanda a takardar A4 ya kama 2480 sau 3508. Ana iya sauka zuwa ɗigo 200, wato 1654 sau 2339, idan rubutun inji ne mai kauri. Ƙasa da haka sai 3 ta fara zama 8, 1 ta zama 7, kuma a takardar awon albasa wannan kuɗin wani ne. Don gane abu a hoto, 640 sau 640 ya isa ga yawancin samfura, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira da aka horar su gane abu. Murya kuma: sauti mai 16 kHz, tashar guda, bit 16, yana cin kilobait 32 a daƙiƙa, kusan megabait 2 a minti. Da Opus, tsarin matse sauti, a kilobit 16 a daƙiƙa, minti ɗaya ya koma kilobait 120. Whisper, samfurin mayar da murya rubutu, yana da Hausa a jerin harsunansa, amma aikinsa a kanta bai kai na Faransanci ba, sai an gwada shi da muryar mutanen wurin kafin a jingina da shi.

Akwai dabarar raba samfurin ƙirƙirarriyar basira gida biyu, waya ta yi matakan farko ta aika abin da ya fito. A takarda tana da kyau. Amma a samfurin gane hoto na ResNet, hoto mai 224 sau 224 wanda ɗanyensa kilobait 150 ne, bayan matakin farko yana zama lambobi 112 sau 112 sau 64, wato megabait 3.2. Ka sa waya ta yi gumi, kuma ka ninka kayan da za ta aika fiye da sau ashirin. Ga ƙaramar ƙungiya, a aika hoton da aka matse ya fi.

Na uku: kwamfutar da wutarta

Don karatun takardu da ƙananan samfura, ƙaramar kwamfuta mai Intel N100, RAM gigabait 16 da faifan SSD ta wadatar. Raspberry Pi 5 ma tana yi idan aiki bai yi yawa ba, amma dole a sa mata mai sanyayawa, domin daga digiri 80 take fara rage gudu, kuma a ɗaki mai rufin kwano ba ta da nisa da can. Idan bidiyo za a duba kai tsaye, sai irin su Jetson Orin Nano. Kar a ɗora tsarin a kan katin SD. Yankewar kuran a tsakiyar rubutu tana lalata shi, wata safiya kawai a kunna ya ƙi tashi.

Wuta ita ce rabin aikin. Kwamfuta da akwatin Wi-Fi tare, a ƙiyasta wat 25. A awa 24 awa-wat 600 ke nan. Batir LiFePO4 mai bolt 12.8 da 100 Ah yana riƙe awa-wat 1,280, kwana biyu ba rana. Pano mai wat 300, da awa 5 na cikakkiyar rana, a cire kashi 30 cikin ɗari na asarar zafi da ƙura da wayoyi, zai ba da kimanin awa-wat 1,050. Ya isa har da rara. Batirin ruwa ya fi araha, amma zafi abokin gabarsa ne: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu.

Idan kwamfutar mai shan bolt 12 ce, a ba ta kai tsaye daga batir ba tare da inbata ba, don inbata tana cin wuta ko ba a aiki. Amma a sa mai daidaita bolt a tsakani. Lokacin sarje, batirin nan yana hawa bolt 14.4 ko fiye, kuma ba kowace kwamfuta ke jure haka ba.

A cikin BIOS, wato saitin farko na kwamfutar, a kunna zaɓin da ke sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. A ajiye ta kan kanta a bangon da rana ba ta duka, nesa da kwano, sama da inda ruwan damina zai iya kaiwa. A lokacin hunturu a hure mata ƙura duk wata, a goge pano duk mako.

Na huɗu: Wi-Fi

Akwati ɗaya mai kyau, a saman bango, a haɗe da kwamfuta da waya Cat6, wadda ba za ta wuce mita 100 ba. Kar a haɗa kwamfutar kusa ta iska, domin kowane saƙo zai ratsa iskar sau biyu. Zangon 5 GHz ya fi gudu amma bangon laka mai kauri yana shanye shi, kwano kuma yana mayar da shi baya. Zangon 2.4 ya fi ratsawa, a zaɓi tasha 1, 6 ko 11. A zagaya da waya: duk inda ƙarfin sigina ya faɗi ƙasa da -67 dBm, a matsar da akwati ko a ƙara wani. Waya guda da ke can bakin zaure tana fama da sigina mai rauni tana riƙe iska tsawon lokaci, ta jinkirta sauran 19. Idan an ja waya zuwa wani gini, a sa mata kariyar tsawa a kuma binne ƙarfen ƙasa kafin damina.

A ba kwamfutar adireshi tsayayye, misali 192.168.10.2. A kashe zaɓin da ke hana na'urorin Wi-Fi ganin juna, wanda wasu akwatuna ke zuwa da shi a kunne a rezon baƙi.

Na biyar: manhajar da ke karɓar aiki

A ɗora tsarin Debian ko Ubuntu Server, da Docker mai gudanar da manhajar a kai, da umarnin ya sake tayar da aikin duk lokacin da ya mutu. Ƙofa biyu, wato adireshin da waya za ta kira, sun isa, kuma FastAPI, kayan rubuta irin wannan manhaja, tana yin su cikin layi kaɗan: ɗaya mai amsa “ina nan” tare da tsawon layin jira, ɗaya mai karɓar hoto ta mayar da rubutu. A loda samfur sau ɗaya lokacin tashi, ba a kowane saƙo ba. Don samfuran gane hoto a kan Intel, ONNX Runtime ko OpenVINO.

N100 tana da cibiya 4, wato sassan lissafi huɗu masu aiki lokaci guda. A ce shafi yana cin daƙiƙa 1.5 a cibiya guda: shafi 160 a minti. Waya 20, kowace tana aika shafi duk daƙiƙa 30, shafi 40 ne a minti, rubu'in ƙarfinta. Lafiya lau. Amma ranar kasuwa idan duk 20 suka aika lokaci guda, na ƙarshe zai jira zagaye biyar, daƙiƙa 7.5. Layin jira ba ya ƙaruwa a hankali: da an wuce kashi 70 cikin ɗari na ƙarfi sai ya yi tsalle. Saboda haka a sa masa iyaka. Idan ya cika, kwamfuta ta amsa da lamba 503, mai nufin “ba hali yanzu”, nan take, waya ta san inda dare ya yi mata. Wani tarko kuma: Tesseract yana ƙoƙarin amfani da cibiya da yawa a kan shafi ɗaya. Idan ka tayar da kwafinsa huɗu, sai su yi ta kokawa kan cibiyoyin. A sa OMP_THREAD_LIMIT=1, kowa ya tsaya a tasa.

Na shida: wayar ta san yaushe za ta tura

Kafin kowane aiki waya ta ƙwanƙwasa ƙofar “ina nan”, ta jira rabin daƙiƙa. An amsa kuma layi gajere ne, ta tura. Ba a amsa ba, zaɓi biyu ne: ta yi da ƙaramin samfur na cikinta idan mai aiki yana tsaye yana jira, ko ta ajiye a jaka, WorkManager, mai tsara ayyukan bayan fage a Android, ya aika daga baya. Manhajar da ke mutuwa don kwamfutar kusa ta mutu ba ta gama ginuwa ba. Tun daga Android 10 ana iya tambayar waya matsayin zafinta. Idan ta yi zafi, ajiyewa ya fi tilasta mata.

Kowane aiki a ba shi lamba ta musamman, UUID, tun daga waya. Dalili: hoto ya isa, an karanta, an rubuta a rajista, sai ma'aikaci ya fita tsakar gida amsa ta ɓace a hanya. Waya za ta sake aikawa. In babu lamba, buhun albasa 40 ya zama 80 a littafi. In da lamba, kwamfuta ta gane ta taɓa gani, ta mayar da tsohuwar amsa. Sake gwadawa kuma a riƙa ninka tazara, daƙiƙa 1, 2, 4, 8, da ɗan bambanci tsakanin wayoyi don kar su dawo gaba ɗaya su danne ta tana farfaɗowa.

Ga matsalar da ta fi ɗaure wa masu ginawa kai. Android yana gwada kowane Wi-Fi ya ga ko akwai intanet a bayansa. Idan babu, alamar Wi-Fi tana nan a saman allo, amma saƙonni suna bi ta rezon kamfanin waya, inda adireshin 192.168.10.2 ba ya nufin komai. Ana ganin an haɗu, aiki kuwa ba ya zuwa. Dole manhaja ta nemi rezon Wi-Fi da sunansa ta ConnectivityManager, ta ɗaure saƙonninta a kansa.

Ta biyu: tun Android 9 an toshe HTTP mara kulle sai an buɗe da gangan. Kar a buɗe. A ƙirƙiri takardar shaida ta gida, a saka ta cikin manhajar, a yi HTTPS. Sai a kula da agogo: kwamfutar da ta rasa lokaci bayan yankewar wuta, kuma babu intanet da za ta gyara, takan ɗauka tana wata shekara dabam, alamun shiga da kwanan rajista duk su rikice. Ƙaramin batirin agogo ne maganinta. Raspberry Pi 5 tana da wurin saka shi, amma dabam ake sayensa.

Bayanan mutane

A takardun nan akwai suna, lambar waya da kuɗin manomi. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kwamfutar kusa tana taimakawa, tunda hoto bai fita daga ginin ba, amma akwati ne da yaro zai iya sa wa a riga. A kulle ta a keji. Kowace waya da alamar shigarta, don idan ta ɓace a soke tata kaɗai. A goge hoto bayan an tabbatar da rubutu. Idan za a kulle faifai da kalmar sirri, a tuna cewa bayan wuta ta dawo zai tsaya yana jiran mai bugawa, sai dai a ajiye makullin a TPM, guntun tsaro da ke cikin kwamfutar.

Zuwa Yamai kuwa rubutu kawai za a aika. Shafi guda bai fi kilobait 2 ba, kashi ɗaya cikin 200 na hoton da aka matse, kuma ko rezo mai rauni zai ɗauke shi da dare. A sani kuma: idan ma'aikaci ya fita ƙauye, kwamfutar da ke biro ta daina zama ta kusa. Saƙon rezon waya yana zuwa cibiyar kamfani tukuna, duk inda take, kafin ya juyo, ko da biron yana bayan katanga. Aikin ƙauye a jaka ake ajiye shi har a dawo.

Gwajin ranar miƙawa

A tara wayoyin 20 da azahar, a aika tare, a rubuta lokacin ta ƙarshe. A zare wutar kwamfuta ana tsakiyar aikawa, a mayar, a ga ko ta tashi ba wanda ya taɓa ta, kuma ko kwanan wata daidai ne. A kunna data a waya guda, a cire intanet daga akwatin Wi-Fi, a ga ko saƙo yana isa. A ba wani waya ya danna aikawa ya fice ƙofar gida, ya dawo bayan minti biyar, a buɗe rajista a ƙirga: shafin nan sau ɗaya ya kamata ya fito. Daga ƙarshe a ɗauki rasit 100 na gaske, har da masu maiƙo da waɗanda suka kwana a aljihu, mutum biyu su gwada lambobin da na'ura ta karanta da na takarda, ɗaya bayan ɗaya. Duk inda aka samu kuskure a adadin buhu ko kuɗi, a ɗaga girman hoto zuwa ɗigo 300 a sake, kuma a sa manhaja ta nuna wa ma'aikaci waɗannan lambobi biyu ya tabbatar da idonsa kafin su shiga littafi.